Matar da Ba Ta Sa Hannu Ba

Ranar Laraba, tara ga watan Agusta, jami'a ta rubuto wa Merv Tregoning cewa matarsa ba ta sa hannu ba. A ranar, shekarar Glenys biyu da wata huɗu a kabari.

Ya karanta wasiƙar a tsaye a kicin, ya ɗora ruwan shayi, ya sake karanta ta a zaune, ko zaman zai sauya mata ma'ana. Bai sauya ba. Kwamitin Ɗa'ar Bincike yana yi masa godiya, yana yaba ƙwazonsa, sannan yana tuna masa cewa duk wanda za a yi nazari a kansa dole ya cika fom na bakwai da hannunsa, ya nuna ya fahimci abin da za a yi da shi, kuma ya yarda ba da tilas ba. Fom na bakwai na Glenys Tregoning ya iso musu fari fat. Suna roƙonsa ya tuntuɓe ta.

Shekarun Merv sittin da takwas. Talatin da ɗaya daga ciki a ɗakin sigina na reluwe ya yi su, inda jirgi kan wuce sau shida a yini, sauran lokacin kuwa sai littafi. Da haka ya cinye laburaren unguwarsu ta Semaphore daga wannan bango zuwa wancan, ya fito da ilimin da ba shi da wani amfani sai ɓata wa mutane rai a wurin cin abinci. Shekara goma sha tara na ƙarshen aurensu a keken guragu Glenys ta yi su. Ciwon nan mai cin jijiya a hankali ne ya fara mata daga ƙafar hagu, ya bi ta gaɓa-gaɓa kamar gara a cikin azara.

Ranar jana'izarta fada, limamin cocin, ya ce jaruma ce. Yayarta Noelene ta ce ba ta taɓa ƙorafi ba. Wata mata daga ƙungiyar masu irin ciwon ta ce Glenys fitila ce. Da aka zo kan Merv ya miƙe, ya je gaban jama'a, ya tsaya yana kallon furanni har wani ya tausaya masa ya kunna waƙa. Haka aka binne wata mata mai haƙuri da murmushi wadda shi bai taɓa haɗuwa da ita ba. Tasa matar tun kafin karin kumallo take fara ashar. Tana maguɗi a karta. Duk wanda ya shafa mata kai ya ce ta burge shi, sai ta bi ta kan yatsun ƙafarsa da taya, ta ce, "Ayya, birkin ne."

Abin da ya kai shi jami'a ke nan, ba ƙishin ilimi ba. Ya gani a takardar talla cewa duk ɗalibin da ya ɗauki fannin nazarin naƙasa, a ƙarshen karatu ana ba shi minti goma ya tsaya gaban jama'a ya gabatar da bincikensa. Minti goma, da lasifika, da mutanen da dole su zauna. Merv ya ƙudura a ransa cewa a cikin minti goman nan zai mayar da matarsa yadda take, da sunanta.

Fannin na sassa huɗu ne, wato ba na kowa ba. A sashen lafiya Glenys majinyaciya ce. A sashen shari'a mai haƙƙi ce. A sashen nazarin zamantakewa sun ce ai lafiyarta lau, matattakalar bene ce ta naƙasa ta, kuma Merv ya yarda da rabin maganar, don ya san matattakalar da ake nufi, tana ƙofar gidan likitan haƙori. A sashen adabi kuwa sun ce ita alama ce ta wani abu. Duk sashen da ya kai wa matsala sai a nuna masa ginin da ke gaba. Shekara biyu ya yi yana zagaya gine-gine huɗu da jakar leda, yana cin kowace jarrabawa, yana jiran watan Nuwamba, watan gabatarwa.

Washegarin wasiƙar ya je ofishin kwamitin. Sakataren, Mista Kerridge, mutum ne mai tsafta, mai fuskar wanda aka aika bita kan tausayi ya kuma ci jarrabawar.

"Na zo kan maganar sa hannun matata," in ji Merv.

"Madalla. An samu?"

"Ta rasu."

Kerridge ya sunkuyar da kai na daidai tsawon lokacin da aka koya musu. "Ina taya ka jimami, Mista Tregoning. Yaushe abin ya faru?"

"Shekara biyu da wata huɗu. Na rubuta a shafi na ɗaya da na uku da na tara. Sunan binciken ma da 'marigayiya' ya fara."

"Wannan malamai ke karantawa. Mu gurabe muke dubawa. Gurbin nan babu komai a ciki." Ya buɗe wani kundi, ya bi layi da yatsa. Fuskarsa ta washe. "Ga shi. Idan mutum ba ya iya sa hannu, magajinsa na iya sa masa. Wane ne magajinta?"

"Ni."

"To ai shi ke nan." Ya miƙo biro, sannan ya janye shi a hankali kamar mai zare hannu daga bakin kare. "A'a. Kai ne mai binciken."

"Ni ne."

"Mai bincike ba ya ba kansa izini. Ka ga kana iya matsa wa kanka lamba."

"Ni in matsa wa ni?"

"An taɓa gani."

"In na fita waje na dawo da wata hular fa?"

Kerridge ya duba kundin, don shi mutum ne mai adalci. Babu maganar hula. "'Ya'ya fa?"

"Ba mu samu ba."

"Wani ɗan uwa na jini wanda ba ya da wata alaƙa ta ƙut da ƙut da kai?"

Merv ya laluba dangin matarsa a ransa. Akwai Noelene. In dai rashin alaƙa ake nema, da wuya a samu wadda ta fi ta. Tun ranar jana'iza ko gaisuwar Kirsimeti ba ta haɗa su ba.

A kantin ɗalibai ya tarar da Losaline Fifita ta faka keken guragunta mai batir a inda aka rubuta kada a tsaya, tana cin dankali. Losaline 'yar ƙasar Tonga ce, shekararta arba'in da shida, a da ita ke tsara tafiyar motocin safa kafin wata babbar mota ta gama da ƙashin bayanta. Ajinsu ɗaya. Ita kaɗai ce a jami'ar take magana da shi kamar ba za ya karye ba.

"Tsoho, wa ya mutu?"

"Matata. Yau aka sanar da jami'a."

Ya ba ta wasiƙar. Ta karanta, ta yi dariya har sai da ta ajiye dankalin, sannan ta goge hannu a siket.

"Amma kada ka ɗauka mahaukata ne gaba ɗaya," ta ce. "Wata bakwai na yi a asibiti. Ka san likita nawa suka ɗauki hoton bayana, tsirara, don koyar da ɗalibai? Babu wanda ya ce mini kanzil. Wataƙila yanzu haka ɗuwawuna na yawo a wani taro a ƙasar waje. Don irin su aka yi fom na bakwai."

"Don likitoci aka haƙa ramin, ɗan reluwe ya faɗa."

"Kai ma ba waliyyi ba ne. Ku masu jinya kun cika son labarinmu. Wa ya ce ta yarda ka tsaya gaban mutane kana tona ta?"

"Ita ta ce. Ta ce in na bari aka kira ta jaruma, za ta dawo ta shaƙe ni."

"Ga izini nan kuwa. Ta rubuta?"

"Shekara shida kafin ta mutu hannunta ya daina riƙe biro."

Losaline ta tura masa ragowar dankalin. "To sai ka je wurin yayar. Ka aske gemun nan tukuna, ka yi kama da wanda aka tono."

Ranar Asabar ya hau safa zuwa garin Murray Bridge, gidan yayar. Noelene, mai shekara saba'in da huɗu, ta buɗe masa ƙofa da almakashin yankan fure a hannu, ba ta kuma ajiye shi ba har suka zauna. Ta ba shi shayi da kek mai ƙarfin bulo. Ta karanta fom ɗin tun daga sama har ƙasa, har da lambar shafi.

"Za ka sa maganar sigari?"

"Zan sa."

"Da abin da ta gaya wa kansilan nan ranar da ya kawo mata allon yabo?"

"Da shi zan fara."

"Mervyn, mutane sun san ta da haƙuri."

"Mutanen da ke zuwa sau biyu a shekara."

"Ni ke nan."

"Ban kama suna ba."

"Ba ka taɓa kamawa ba. Sai dai ka karanto wa mutum wani mataccen Bature ka bar shi ya gane da kansa." Ta ajiye almakashin. Ta dubi furannin da ke bayan taga. "Da na ce ba ta taɓa ƙorafi ba, ka ɗauka ƙarya na yi?"

"Na ɗauka jana'iza ce."

"Gaskiya na faɗa. Ni ba ta taɓa yi mini ba. Shekara sha tara, duk ranar da zan zo sai in tarar an shafa mata jan baki, an taje mata kai, tana tambayata ya hanya. Gado ɗaya muka kwana har na yi aure, Mervyn. Amma kansila ma ya samu zagi, ni ban samu ba."

Merv ne mai shafa jan bakin. A duk littattafan laburaren Semaphore babu wanda ya tanadar masa amsar wannan.

Noelene ta jawo fom ɗin ta sa hannu, ta danna biron har ya kusa huda takardar. "Ka sa ashar ɗin. Zan zo. Ina so in ji ko sau ɗaya ne."

Bayan mako uku kwamitin ya amince. Wasiƙar ta zo da taya murna da sharuɗɗa goma sha ɗaya.

Ya kai wa malamar da ke duba aikinsa, Dakta Imogen Szabo, mace mai kirki da ke koyarwa a sassa uku, ofishinta kuwa yana cikin motarta. A benci suka zauna, ƙarƙashin wata bishiya, tsuntsayen bazara na kawo musu farmaki a ka, ita tana kare kanta da kundin jarrabawa.

"Na farko," ta karanta, "a sakaya sunanta."

"Yayarta ta yarda a faɗa."

"Yayarta ta yarda a yi binciken. Yardar faɗin suna fom na goma sha biyu ne, shi kuma sai mai sunan da kansa." Ta yi saurin wucewa. "Na biyu, kada a ambaci ciwon, don masu shi ba su da yawa a unguwa ɗaya. Na uku, kada a ambaci unguwar. Na huɗu, shekarunta. Na biyar, mutanen da ta taka wa yatsu."

"Su kuma me suka yi?"

"Ba su sa hannu ba. Kansilan ma haka. Sai dai in za ka nemo su ɗaya bayan ɗaya."

"Sun kai ɗari biyu, Dakta. Wasu sun ƙaura saboda ita."

"Na shida." Ta tsaya. Ta cire tabarau ta murza ido. "Merv, wallahi na yi musu gardama kan wannan. Kada a bayyana alaƙar mai bincike da wadda aka yi binciken a kanta. Sun ce duk wanda ya san matar wa ce, ya san wace ce."

"Wato kada in ce matata ce."

"Kana iya cewa wata ce da ka sani."

"Sanin shanu."

"Sun ba da shawarar a kira ta Ta Ɗaya."

Ya karɓi takardar ya karanta sauran da kansa. Na goma sha ɗaya ya ce dole a sanar da wadda aka yi binciken a kanta haƙƙoƙinta, baki da baki, a wurin da ta saba da shi, mai binciken kuma ya rubuta rana da lokaci. Merv ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗaga wa jirgi tuta ko da babu kowa a kan layin. Shi ba ya tsallake doka. Ranar Lahadi da hantsi ya je maƙabarta, ya tsaya a gaban dutsen, ya sa tabarau.

"Glenys, an ce in gaya miki shiga wannan bincike ba dole ba ne. Kina da ikon janyewa a duk lokacin da kika ga dama, ba tare da kin faɗi dalili ba." Ya duba dutsen ta saman tabarau. "Wannan kam kin riga su. Idan wani abu a cikin binciken ya tayar miki da hankali, ga lambar masu ba da shawara, suna nan daga tara zuwa biyar. Kina da tambaya?"

Ya jira minti ɗaya cif, da agogo. Wani mai yankan ciyawa ya kashe injinsa yana kallo. Merv ya rubuta rana da lokaci, a gurbin da aka ce "martanin wadda aka sanar" kuma ya rubuta: ba ta ƙi ba.

Da ya gama cire duk abin da aka ce ya cire, shafi arba'in suka koma tara. Ya karanta wa Losaline farkon a kantin: "Wata mata, mai wasu shekaru, a wani gari, ta yi fama da wani abu."

"Allah sarki," in ji Losaline. "Na san ta. Jaruma ce."

"Kada ki fara."

"Ai sun gama maka, Tsoho. Ka yi shekara biyu kana hawa da sauka don ka sake binne ta, wannan karon da lambar amincewa."

"Zan karanta nasu na minti biyar," ya ce. "Sai in naɗe shi in sa a aljihu. Sauran biyar ɗin nawa ne."

"Za su hana ka takardar shaida."

"In kai ta ina? Neman aiki?"

Ta dube shi da wani sabon ido. "To ni zan faka a kan wayar lasifikar. Ni da keken nan mun fi kilo ɗari biyu. Mai son ya zare sai ya cika fom."

Ranar gabatarwa ta faɗo Juma'ar ƙarshen Nuwamba. Iskar arewa ta taso tun safe da zafi kamar an buɗe tanda. Ɗalibai goma sha shida ne, an jera su bisa haruffan suna, Tregoning na ƙarshe. An ba su zauren daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, da ƙarfe huɗu kuma ɗaliban shari'a ke da jarrabawa a ciki. Noelene ta zo tun sha biyu da rabi da hular coci, ta zauna a layin gaba da jaka a cinya. Kerridge yana gefe da na'urar naɗar murya, a madadin kwamitin.

Shugaban tsangaya ne ya buɗe taro. An ba shi minti biyar. Ya yi magana kan muhimmancin saurare. Ya ce an daɗe ana yin magana a madadin masu naƙasa, lokaci ya yi da manya za su yi shiru su ba su fili. Ya kawo misalai daga ƙasashe huɗu da ya ziyarta. Ya yi minti talatin da biyu, sannan ya ba da haƙuri cewa yana da wani taron, ya fita ana tafi.

Daga nan Dakta Szabo ta fara yanka. Goma ta koma takwas. Na'urar haska hoto ta ƙi aikin ɗalibi na biyar, takwas ta koma shida. Losaline ta gama nata cikin minti uku don ta rage wa Merv, amma wani malamin adabi ya cinye ragowar da tambayar da babu alamar tambaya a ƙarshenta. Merv yana zaune yana lissafi irin na ɗan sigina, yana ganin jiragen da ke gabansa suna makara ɗaya bayan ɗaya a kan layi guda. Da aka kira sunansa, huɗu saura minti huɗu. Ta gilashin ƙofa ana hango ɗaliban shari'a sun yi cincirindo, kowa da kwalbar ruwa da fuskar mai shirin kai ƙara.

Ya hau dandamali. Akwai abubuwan da dole kowane ɗalibi ya fara faɗa. Ya karanta lambar amincewar kwamiti, mai lambobi goma sha huɗu. Ya gargaɗi jama'a cewa jawabin ya taɓo rashin lafiya da mutuwa, ya dakata don mai son fita ya fita. Ya karanta lambar masu ba da shawara. Sai siffanta kai, don waɗanda ba sa gani.

"Ni dogo ne, fari, mai furfura, ina sanye da—"

"Tsoho ne, mun ji," in ji wani makaho ɗan ajinsu daga baya. "Wuce, aboki, lokaci."

Saura minti ɗaya da wani abu. Merv ya dubi shafuka taran da aka amince da su. Ya dubi Noelene. Bai ko fara su ba, ya naɗe ya cusa a aljihu, ya zaro nasa daga ɗayan aljihun, shafi biyu da rubutun hannu. Ya buɗe baki. Ya tsaya cak, daidai yadda ya tsaya a coci. Babu furannin da zai kalla, sai agogon bango.

"Sunanta fa, Tsoho?" Muryar Losaline ce, wadda ta saba tsayar da direbobin safa daga ƙarshen tasha. "Wata mata, wata mata. Ba ta da suna ne?"

"Glenys," ya ce. Ya fito kamar tari. "Glenys Tregoning. Matata ce. Shekara arba'in da ɗaya muna tare."

Kerridge ya miƙe yana laluben maɓallin na'urarsa. "Ina roƙon jama'a su ɗauka ba su ji wannan ba."

"Mu kam mun ji," in ji makahon. Mai fassara da hannu ma ta riga ta isar wa kurame biyu da ke gaba, harafi bayan harafi, kuma abin da hannu ya faɗa ba ya komawa.

"Ba jaruma ba ce," Merv ya ci gaba. Yanzu maganar na zuwa da gudu. "Ba fitila ba ce. Tana satar kallon karta. Tana ɓoye sigari a cikin matashin kekenta, sau biyu ta kusa ƙona kanta. Wani kansila ya zo har gida da mai hoto, ya kawo mata allon gwarzuwar shekara, ya durƙusa ya shafa mata gwiwa. Ta dube shi ta ce, 'Ɗauke hannunka, ɗan jakar uba, ka kai wa uwarka allon ta yanka albasa a kai.'"

Wani sauti ya fito daga layin gaba. Noelene ce, ta toshe baki da jaka, kafaɗunta na rawa, hular coci ta karkace. Daga inda Merv yake ba a iya gane dariya ce ko kuka, wataƙila ita ma ba ta tantance ba.

Kerridge ya isa ga wayar lasifikar ya tarar da Losaline a kai, tana duba farcenta. "Batir ne," ta ce masa. "Sai haƙuri."

Merv ya juya zuwa shafi na biyu. A nan ne ƙarfe huɗu ta buga. Ƙofofi biyu suka buɗe lokaci guda, mai kula da jarrabawa ta shigo da kwali a ƙirji, ɗalibai casa'in a bayanta. Ba wanda ya yi rashin kunya. Sun dai fara jan tebura ne, tebur casa'in a kan daɓen katako, kuma babu lasifikar da aka ƙera da za ta iya da wannan. Ya ga bakin Dakta Szabo yana cewa a yi haƙuri. Wata yarinya mai ladabi ta tsaya a gabansa tana jira ya matsa, don lambar kujerarta tana daidai inda yake tsaye. Ya matsa.

A waje Noelene ta gyara hularta, ta ce za ta makara safar ƙarfe biyar. Ta yi taku uku ta juyo. "Ɗan jakar uba," ta ce a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. "Daga bakin babanmu ta ɗauko shi." Ta tafi.

Kwamitin ya zauna sau biyu kan maganarsa, ya yanke cewa tunda an goge abin da aka naɗa, ba a faɗi komai ba. Saboda haka babu laifi. Sakamako ya fito a watan Disamba, an ba shi maki mai kyau a kan shafuka taran. Mai dubawa daga waje ya yaba tsarin aikin, ya ƙara da gyara guda: muryar wadda aka yi binciken a kanta ba ta fito sosai ba, nan gaba ɗalibin ya ƙara ba ta dama.

Shafi na biyu na rubutun hannun nan nasa bai fi layi takwas ba, kuma ko da an ba shi minti goman cif, ba jama'a aka rubuta wa shi ba.

Kowace safiya, shekara goma sha tara, shi ke ɗaga ta daga gado zuwa keke. Hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ɗaya a bayanta, ita kuma ta saƙalo wuyansa. Da hannuwan suka daina ɗaguwa, shi yake ɗora mata su. A daidai wannan lokacin kaɗai, bakinta a jikin kunnensa, matar da ta zagi rabin Semaphore takan ce, "Yi haƙuri, Merv." Shi kuma ya ce, "Riƙe da kyau." Kullum haka. Yana ganin akwai gobe.

Abin da ya so ya ce mata shi ne: ba haƙuri nake yi ba, Glenys. Taku uku ne daga gadon zuwa keken. Da gangan nake yin biyar.